Asabar, ranar da muka yi maganar yaye

Ƙarfe uku da 'yan mintoci Auta ya tashe ni. Bai yi kuka sosai ba, irin ƙunƙunin nan nasa ne, yana laluben rigata idonsa a rufe. Wata 19 ke nan rabona da barcin awa huɗu a jere. An ɗauke wuta tun sha biyu, ɗakin kamar tanda. Abban su ya juya ya fuskanci bango. Na san idonsa biyu, shekara 11 muna ɗaki ɗaya, na san numfashinsa na barci. Shi ma ya san na sani. Babu wanda ya ce uffan.

Tun da barci ya gudu, na jawo waya na ƙarasa littafin nan da ake turo mana shafi-shafi a WhatsApp. An sha wahala kam, an yi asiri, an yi hatsarin mota, uwar miji ta tuba, an ɗaura aure. Sai shafin ƙarshe: "Bayan shekara biyar." Ga ta nan ta haifi 'yan biyu, ta ƙara haske da ƙiba, suna filin jirgi za su tafi Umara, mijin yana kallonta kamar ranar da ya fara ganinta. Na yi dariya har Auta ya saki nono ya dube ni. Shekara biyar ɗin nan da aka tsallake da layi ɗaya, ai ita nake nema. Wa ya tashi da dare? Da 'yan biyun suka yi zazzaɓin haƙori a tare, me suka ce wa juna?

Da safe na sallami manyan biyu Islamiyya, ɗaya ya ɓatar da takalmi, ɗaya tana kuka wai hijabinta bai bushe ba. Ina zuba masa shayi na ce, "Abban su, ina so in yaye yaron nan."

Bai ɗago ba. "Maman su, saura wata biyar fa. Shekara biyu Alƙur'ani ya ce."

Na ce, "Kai ne kake tashi?"

Da na sani ban faɗa da wannan muryar ba. Ya ajiye kofin, ya ce shi ma ai ba a kwance yake wuni ba, kuɗin makaranta na zango mai zuwa ko rabi bai haɗa ba, ga madara, ga Pampers. Duk gaskiya ne, abin haushin ke nan. Ya ɗauki hularsa ya fita, shayin ko rabi bai sha ba. Sai bayan ya ja ƙofa na lura cewa duk maganar da muka yi cikin makon nan, in ba ta yara ba ce, to ta kuɗin yara ce. Kuma na rasa ranar ƙarshe da ya kira ni da sunana. Ni ma dai ban kira nasa ba, amma wannan kunya ce, tun farko haka muke.

Bayan na shanya wanki Auta ya yi barci, na zaro tsohon kwafina na Alhaki Kwikwiyo Ne daga kwalin da ke ƙarƙashin gado. Bangon ya rabu, na manne shi da salatif tun ina budurwa. A 1990 Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da shi, Aliyu Kamal ya mayar da shi Turanci, wani kamfani a Indiya ya buga a 2012. Ita dai ba ta tsallake shekarun ba. Rabi da 'ya'yanta tara, Alhaji Abdu ya tsuke hannu da cefane, ya auro Delu, ya kore ta da yaran, ta koma sayar da abinci tana riƙe su. Da ina yarinya soyayyar Saudatu nake bi, ina tsallake wuraren girki da lissafin kuɗi. Yau su na karanta, har na ji idona ya kawo ruwa.

Amma ko a nan akwai wanda za a tsine wa. Alhaji Abdu azzalumi ne, Delu kuma ga ta nan. Mai karatu yana da inda zai sauke fushinsa, ya rufe littafi ransa sanyi. Haka galibin littattafanmu suke: in aure ya yi tsami, to kishiya ce, ko boka, ko uwar miji, ko rashin haihuwa. Wancan na Ayobami Adebayo da ƙanwata ta ara mini, Stay With Me na 2017, ya fi matsowa kusa. Yejide da Akin a Ilesha, an matsa musu a kan haihuwa har aka kawo mata kishiya, da yaran suka zo kuma sai ciwon sikila, zaryar asibiti ta cinye abin da ya rage tsakaninsu. Wannan zaryar na san ta a gidan 'yar uwata. Sai dai shi ma akwai ƙaton sirri a ƙarƙashinsa wanda ya rusa gidan.

To mu fa? Abban su ba Alhaji Abdu ba ne. Bai taɓa barin mu da yunwa ba, ba shi da wata a waje, ba ya ɓoye mini komai. Gajiya ce kawai, tawa da tasa, kowa yana ganin tasa ta fi nauyi. Ban ci karo da marubuciyar da ta zauna ta rubuta wannan ba. Wataƙila ba zai sayu ba. Wa zai tura ɗari biyar don ya karanta mata da miji suna jayayya a kan wanda ya manta ranar rigakafi?

Da la'asar na kira Hajiyarmu. Ban kai ƙara ba, amma uwa ba a ɓoye mata murya. Ta ce, "Ke dai kawo mini shi kwana bakwai, shi ke nan. Ku duka a wurin kakarku aka yaye ku." Daga nan ta shiga tarihi, yadda take tafiya gida wanka in ta haihu, kwana 40 ana dafa mata ruwa da kunun kanwa, in ta dawo kuma gidan cike yake da hannu: kishiya, matan ƙannen miji, 'yan riƙo. Yaro yana kuka wani zai saɓa shi. "Ku kun ce gidan kanku kuke so, kun ja get kun kulle." Na yi shiru. Ni na dage sai mun tashi daga gidan gandu, kuma har gobe ba zan koma ba. Amma aikin da mata shida suke rabawa, yanzu ni da shi ne, shi kuma ba a taɓa koya masa ba.

Sai bayan isha'i ya shigo, da tsire a takarda. Ya ajiye a gabana bai ce komai ba, ni ma na ɗauko faranti ban ce komai ba. Da yara suka kwanta ya zauna bakin gado yana murza waya, ya ce, "Na sake duba ayar." Baƙara, aya ta 233. Ya ce shekara biyun ga wanda ya so cika shayarwa ne, kuma a cikinta aka ce kada a cutar da uwa saboda ɗanta, in kuma su biyun suka so yaye bisa yarda da shawara babu laifi. Ya karanta a hankali, bai dube ni ba.

Na ce, "Har da uba aka ce kada a cutar, ai."

Ya ɗan yi murmushi. Ya buɗe baki zai ƙara wani abu, Auta ya tsala kuka. Na yunƙura, ya ce in zauna. Ya saɓa shi a kafaɗa ya fita falo, ina jin shi yana kai da komo yana wata waƙar da ban san ya iya ba. Yaron bai yarda ba, ni yake kira. Na ƙirga har ɗari biyu kafin na tashi na karɓe shi.

Yanzu sha ɗaya da rabi. Ba mu sa ranar kai shi gidan Hajiya ba. Tsiren ya huce, na rufe shi da faranti, gobe na ɗumama.