Tattakin lafiyar ƙwaƙwalwa a Yamai: abin da za a shirya kafin a fito titi

Duk ƙungiyar matasa ko ta mata da ke son fitar da jama'a tattaki a kan lafiyar ƙwaƙwalwa da hana kashe kai, abu na farko da ya kamata ta nema shi ne inda za ta kai mutum idan ya matso ya ce: "Wannan maganar da kuke yi, tawa ce." Riga da banderol da sono duk suna bayan wannan. Irin wannan taro yana tayar da tsohon miki. Cikin mutum ɗari biyu da suka fito, da wuya a rasa wanda ya daɗe yana fama shi kaɗai, ko uwar da ta rasa ɗa, ba ta taɓa samun wurin faɗin yadda ya rasu ba. A taɓo musu abin sannan a watse a bar su haka nan, wannan cutarwa ce, ko da niyya mai kyau aka yi.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce fiye da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara. A ƙididdigarta ta 2019, yankin Afirka ne a gaba, da wajen mutum 11 cikin kowane 100,000, alhali na duniya gaba ɗaya 9 ne. Mu nan ba a faɗa. A wurin zaman makoki sai a ce gajeriyar rashin lafiya ce, dangi su haɗiye sauran, saboda an tashe mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amfanin tattaki ke nan: ya fito da maganar fili da rana tsaka, a bakin mutanen da unguwa ke ganin girmansu.

A ƙasar Ayilan akwai wani tattaki mai suna Darkness Into Light, wanda aka fara a 2009 a birnin Dublin da mutum wajen 400. Suna tashi tun da duhun asuba, su yi kilomita 5 har gari ya waye. Abin lura shi ne cibiyar Pieta, wadda ake tara wa kuɗin, ta riga tattakin kafuwa, tun 2006 take karɓar mutane. Haka ya kamata namu ya kasance. Wata biyu kafin ranar, mutum biyu daga kwamiti su je sashen masu taɓin hankali na babban asibitin ƙasa, wanda mutanen Yamai suka sani da Pavillon E, su kuma nemi ofishin shirin ƙasa na lafiyar ƙwaƙwalwa da ke ƙarƙashin ma'aikatar kiwon lafiya. Su tambayi ranakun ganin marasa lafiya, da kuɗin kati, da ko sai an biyo ta CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, da kuma wanda za a kira idan abu ya taso da dare. Su roƙi a ba su ma'aikaci ɗaya ko biyu da za su halarci tattakin. Likitocin ƙwaƙwalwa ba su da yawa a Nijar, don haka kada a nace sai babban likita, ma'aikacin jinya da ya ƙware a fannin ya wadatar. Duk lambar wayar da za a buga a takarda, a kira ta tukuna a ji ana ɗauka. Lambar da ke ƙara ba mai amsawa ta fi rashin lamba muni, domin wanda ya yi ta maza ya kira sau ɗaya ba lallai ya sake ba.

Sai maganar izini. Dokar 2004 da ta tsara fita kan titi ta tanadi a sanar da ma'aikatar magajin gari a rubuce, da sunayen masu shiryawa, da manufa, da rana, da lokaci, da hanyar da za a bi. A halin tsaron da ake ciki, taro a kan titi ba abin wasa ba ne, saboda haka a je tambaya tun wata ɗaya kafin lokaci, a shigar da takardar da sunan ƙungiya mai rajista, a haɗa da wasiƙar goyon baya daga hukumar lafiya don kada a ɗauka zanga-zanga ce. A riƙe kwafi mai hatimi a aljihu ranar fita. A kuma tanadi mafita ta biyu: idan ba a ba da titi ba, a zagaya cikin filin makaranta ko filin wasa. Mai unguwa ma a je gidansa a gaishe shi, kada ya ji labari a bakin yara.

Ranaku biyu aka fi ɗaura irin wannan aiki a kansu: 10 ga Satumba, ranar hana kashe kai ta duniya, wadda aka fara a 2003, da 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa, tun 1992. A Yamai na fi son Oktoba. A Satumba ƴan makaranta na hutu, damina ba ta ƙare ba, ruwan dare ɗaya ya isa ya mayar da hanyar ƙasa tabki. Oktoba kuwa zafi ne matsalarta, maganinsa sammako. A zaɓi Asabar mafi kusa, a taru ƙarfe shida da rabi, a tashi ƙarfe bakwai daidai, a gama komai kafin goma. Abin da ya fi ɓata wannan tsari shi ne jiran babban baƙo. In bai iso ba a tafi, ya tarar da mutane a wurin rufewa.

Kilomita 3 zuwa 4 sun isa. Taron da ke da tsofaffi da mata masu goyo ba ya wuce kilomita 3 a awa ɗaya. Kwamiti ya taka hanyar da ƙafa a irin ranar da irin lokacin, mako ɗaya kafin nan, don taswirar waya ba ta nuna kwata a buɗe ko inda ƴan kabu-kabu ke cunkushewa. A kauce wa Babbar Kasuwa da Katako da Wadata, da gaban barikin soja da manyan ofisoshin gwamnati. Gadar Kennedy tana da kyau a hoto, amma matsattsiya ce, ba inuwa, ba wurin ratsewa idan wani ya faɗi. Wurin rufewa ya zama mai inuwa da makewayi, da ɗaki aƙalla ɗaya mai ƙofa, kamar harabar makaranta ko cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda. Kada a kai taron ƙofar sashen marasa lafiya da sunan ziyara. Waɗanda ke kwance can ba abin kallo ba ne.

Ga mutum 200, a tanadi piya wata 600, wato uku-uku: kashi ɗaya wurin tashi, ɗaya a tsakiyar hanya, ɗaya a ƙarshe, da buhunan kwashe leda. Masu tsare layi goma sun isa, ɗaya ga kowane mutum ashirin, sanye da riga mai ɗaukar ido, biyu a gaba suna rage gudun samari, biyu a can baya, don kada a bar kowa. Mota ɗaya ko adaidaita biyu su biyo baya saboda wanda ya gaji. A gayyaci masu agajin Croix-Rouge da akwatin taimakon gaggawa da gishirin zawo na haɗa ruwa, kowane mai tsare layi kuma ya san lambar waya 15 ta SAMU, masu motar asibiti ta gaggawa, da 18 ta ƴan kwana-kwana. Mai jiri ko ciwon kai a kai shi inuwa nan take, a jiƙa masa jiki. In ya fara sambatu ko ya suma, sai asibiti.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne makirfo. Bincike da dama ya nuna cewa bayyana yadda wani ya kashe kansa, da wurin, da abin da ya yi amfani da shi, yana sa masu rauni su kwaikwaya, labarin wanda ya shiga ƙunci ya nemi taimako ya fita kuwa yana kare rai. Don haka duk mai magana a zauna da shi kwana biyu kafin taro a ji abin da zai faɗa. Ba a ambatar hanyar da mutum ya bi ya kashe kansa. Ba a kiran sunan mamaci ko ɗaga hotonsa. Ba a cewa "saboda an hana shi auren wance ne", domin ba dalili ɗaya ke kai mutum nan ba, kuma irin wannan magana tana ɗora wa wani laifin da zai ɗauka har kabarinsa. Masu magana uku sun isa, kowa minti biyar, a yi da Hausa a maimaita da Zabarmanci, Faransanci ya tsaya a kan banderol. Wanda ya taɓa shiga halin kuma yana son ba da labarinsa, sai in ya samu sauƙi sosai, likitansa ya yarda, ya kuma fahimci cewa bidiyon da ya hau Facebook ko TikTok ba ya saukowa.

Limami ko malamin da za a gayyata, shi ya fi kowa tasiri, shi ya sa zama da shi ya fi muhimmanci. Kowa a wurin ya san kashe kai haramun ne, ba wanda ya zo neman wannan fatawa. Abin da ake roƙon malam shi ne ya karanta ayar Suratun Nisa'i da ta hana kashe kai har ƙarshenta, inda bayan hanin Allah Ya ce Shi Mai jinƙai ne gare mu, ya kawo hadisin da ya nuna Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta, ya faɗa da bakinsa cewa addu'a da ruƙiyya ba su hana zuwa asibiti. Iyalai da yawa sukan shekara suna yawon neman maganin aljanu ko sammu kafin su ga likita, wasu har da ɗaure mara lafiya da sarƙa. Kalma ɗaya daga malam tana rage wannan yawon. In akwai Kiristoci a unguwar, a ba fasto irin wannan dama.

A ware mutum shida zuwa takwas, rabinsu mata, waɗanda aikinsu saurare kawai. Su sa alamar da ta bambanta da ta masu tsare layi, a sanar da su tun wurin tashi. Ma'aikacin lafiya ya horar da su aƙalla wuni ɗaya. Su san alamomin: mai cewa "gara in mutu in huta" ko "na zame muku kaya", saurayin da ya daina zuwa fada ya shige ɗaki, mai bin mutane yana neman gafara alhali ba tafiya zai yi ba, mai jegon da ba ta barci, ba ta cin abinci, tana yawan kuka, wanda ya dawo daga Libiya ko Aljeriya hannu wofi da bashi a kansa, mai shan tramol da abin ya fi ƙarfinsa. Su koyi tambaya kai tsaye cikin taushin murya: "Ɗan'uwa, kana tunanin kashe kanka ne?" ko "Inna, wannan tunanin yana zo miki?" Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Idan ya ce e, ba wa'azi, ba "ka yi haƙuri kawai", ba alkawarin rufe sirri. Ba a barinsa shi kaɗai. A nemi wani nasa da ya yarda da shi, a raka shi wurin ma'aikacin lafiya a ranar, a kuma gaya wa dangi su kulle maganin ƙwari na gona da tarin magungunan gida, domin tunanin yakan zo da ƙarfi ne na ɗan lokaci, idan abin cutarwa bai kusa ba yakan wuce.

Kuɗin da aka tara, mafi yawansa riguna ke cinyewa. A buga wa masu aikin tattakin kaɗai, sauran jama'a a ce su sa fari, ko a raba ƙyalle launi ɗaya. Mutum biyu su riƙe asusu, kowace dala a rubuta, a saka lissafi a zauren WhatsApp cikin mako ɗaya. Ragowar ta tafi ga kuɗin mota da na magani ga marasa hali, a biya farmasi kai tsaye a karɓi rasit. Maganin ciwon damuwa yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin aikinsa, kuma ana ci gaba da sha watanni bayan an samu sauƙi. Mutane da yawa suna dainawa ne saboda kuɗi sun ƙare a wata na biyu. Gara a ɗauki nauyin mutum biyar na wata shida da a raba wa talatin na mako guda.

Duk wanda ya yarda a sake nemansa, mai sauraren da ya yi magana da shi ya kira shi cikin kwana biyu, sannan bayan mako ɗaya, sannan bayan wata, ya ji ko ya je asibiti, in bai je ba a san abin da ya hana. Sunayen su zauna a littafi ɗaya a hannun mutum ɗaya, ba a zauren WhatsApp ba. Su ma masu sauraren a tara su da ma'aikacin lafiya cikin makon, domin abin da suka ji yana da nauyi, wani cikinsu zai buƙaci a saurare shi.