Yadda na bi diddigin filin Stagg na Jami'ar Chicago

Lokacin da nake karatu a Jami'ar Chicago na ɗauki aikin haɗa tarihin filin Stagg, inda a da ake buga ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wadda ake rungumar ƙwallo ana gudu da ita. Filin babu shi yanzu. Laburaren Regenstein da aka buɗe a 1970 ne ke zaune a wurin, kuma a cikinsa na yi yawancin binciken.

Duk wanda na tambaya labari ɗaya yake ba ni: ranar 2 ga Disamba 1942, a ƙarƙashin mazaunin 'yan kallo na yamma, masanin kimiyya Enrico Fermi da abokan aikinsa suka kunna tukunyar nukiliya ta farko a duniya. Gaskiya ne. Sai dai ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne: yaya aka yi filin da ke ɗaukar mutum wajen 50,000 ya zama kufai, har masana suka samu wurin ɓuya a ƙarƙashinsa?

A tsofaffin kofen jaridar ɗalibai, Chicago Maroon, na samu amsa, kuma a nan na koyi karanta jarida bi da bi, shekara bayan shekara. Mai tsinto ranaku biyu ko uku ba zai ga yadda abu ke lalacewa a hankali ba. Da farko sunan filin Marshall Field, sunan attajirin da ya samar da fegin. A 1913 aka mayar masa da sunan Amos Alonzo Stagg, kociyan da ya riƙe ƙungiyar daga 1892 zuwa 1932, ya ci gasar jami'o'i ta Big Ten sau bakwai. Ko a 1935 ɗan wasansu Jay Berwanger ne ya fara karɓar kyautar gwarzon ɗan wasan jami'o'i da yanzu ake kira Heisman. Shekara huɗu bayan haka Jami'ar Michigan ta lallasa su 85 da nema. A ƙarshen 1939 shugaban jami'ar, Robert Hutchins, wanda ke ganin wasan na shagaltar da jami'a daga karatu, ya sa aka soke shi. Na fahimci hujjarsa, amma na tausaya wa samarin da suka sha duka a kakar ƙarshe, aka kuma rufe musu ƙofa.

Takarda kaɗai ba ta isa ba. Na riƙe tsohuwar taswira na bi titin Ellis da ƙafa, sannan na gane cewa daidai inda sassaƙen tagulla na masassaƙi Henry Moore yake tsaye tun 1967, nan ne mazaunin yamma da aka rushe a 1957.

Mai irin wannan aiki ya kuma kula da suna, domin suna yana ƙaura. Akwai wani filin Stagg a yau, can arewa maso yamma da tsohon, inda ƙungiyar jami'ar ke wasa bayan dawo da ƙwallon a 1969. Kowane hoto na samu, sai na tabbatar da shekararsa kafin in ce na wane fili ne.