Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Tallafin Pretoria

Makon jiya na tsaya ne a inda na gama bautar ƙasa na dawo Agege. Shekara ukun da suka biyo baya babu abin faɗa, ɗaukar fayil ne daga ofis zuwa kotun Ikeja, a dawo.

Baba, Allah ya jiƙansa, yakan ce, "A Ikko, mai gaskiya in ba shi da mai yi masa magana, a bayan kanta yake kwana." Tun rikicin Idi-Araba na 2002 ya kama wannan magana, lokacin da aka tsare Kawu kwana huɗu ba a ko rubuta sunansa ba. Ni da Inna muka kai masa tuwo a samira, aka hana mu shiga, muka dawo da shi ya sandare.

Maganar Baba ce ta sa na nemi gurbin digiri na biyu a Jami'ar Pretoria ta Afirka ta Kudu, shirin haƙƙin ɗan Adam da dimokuraɗiyya da aka fara a 2000. Shekara ɗaya ne: rabi a Pretoria, rabi a wata jami'ar Afirka. Tarayyar Turai na cikin masu zuba masa kuɗi, kuma wanda ya dace da tallafin an ɗauke masa kuɗin makaranta da masauki. Mu da cinikin goro ya riƙe gidanmu, ina muka ga kuɗin wannan karatu?

Abin da ya rage takardar shaida ce daga maigidana na ofis. Mako uku tana kan teburinsa, har kofin shayi ya yi mata zobe. Ranar da na yi ƙarfin halin tuna masa, bai ɗago kai ba, ya ce ke da za a aurar gobe, me za ki je yi? Shekara uku ina rubuta masa takardun da yake sa wa hannu! Wallahi har yau ban huce ba. Wata tsohuwar malamata ce ta rubuta mini a dare ɗaya.

Na tuna da maganar Baba a 2020, da aka hana acaba a wasu sassan Legas aka riƙa kwashe yaranmu. Na tsaya a gaban kantar 'yan sanda ina karanta sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999: awa 24 a kai mutum kotu in tana kusa. Yaro bakwai na fitar a wannan mako. Baba bai gani ba, a lokacin ya shekara biyu da rasuwa.

Amma na yi gaba da yawa. Saƙon samun tallafin a rumfar Baba ya same ni, ana yayyafa wa huhun goro ruwa. Na karanta masa, ya sa na maimaita da Hausa. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya daɗe bai ce komai ba. Gwaggo ce ta fara magana: "To 'yar nan, baikon naki fa?"

Wannan sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.