Tarihin Rayuwata (Kashi na 9): Da Na Fita da Ajina Waje

A makon jiya na tsaya ne a inda aka ba ni ajin zane na 'yan shekarar ƙarshe. Yaran hannunsu ya faɗa, ba laifi. In ka ajiye musu kwalba da ƙyalle a kan tebur za su zana maka su tsaf. Amma ka ce a zana bishiya, sai kowa ya ɗauko kore guda ya shafe ganye, ya lakato baƙi ya yi inuwa, shi ke nan an gama. Abin da ke kansu suke zanawa, ido yana hutu.

Na sami shugaban makaranta na ce, "Ranka ya daɗe, so nake in riƙa fita da su waje." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, karatu ko yawo?" Da ƙyar ya ba ni safiya ɗaya a mako, da sharaɗin kada wani yaro ya dawo da rauni.

Ranar farko ban bari an buɗe fenti ba. Farar takarda na shimfiɗa a ƙasa, rabinta a rana, rabinta a inuwar bishiya, na ce su faɗa mini launin ɓangaren inuwar. Duk suka ce baƙi. Na ce a sake dubawa. Can wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ta durƙusa, ta kanne ido ɗaya, ta ce, "Malam, wallahi shuɗi-shuɗi ne!" Gaskiyarta. Inda rana ba ta kai ba, hasken sararin sama ne ke sauka, shi kuwa shuɗi ne. Na sha faɗar wannan a gaban allo ba wanda ya riƙe, amma daga ranar ban ƙara ganin baƙi tsagwaro a inuwar kowa ba.

Doka ta biyu ita ce ta lokaci. Rana ba ta jiran mai zane. Bayan awa biyu inuwa ta koma wani wuri, launin komai ya canza. Don haka nakan ce su fara da shata inda inuwa take, su tsaya a kan haka ko da ta gusa. Mai bin inuwa da burushi, in ya tashi zai tarar ya cakuɗa safiya da hantsi a allo ɗaya.

Lokacin hutu, muna zaune, nakan ba su labarin waɗanda suka riga mu. A da masu zane a Turai a mafitsarar alade suke ɗaure fentin mai, su huda su matsa, ragowar ya bushe. Sai a 1841 wani Ba'amurke mazaunin Landan, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro ɗan bututun kuza mai adana fenti, fita da kayan aiki ta yi sauƙi. Tun kafin nan John Constable na Ingila yakan zauna a Hampstead, a 1821 da 1822, yana zana gajimare kawai, ya rubuta kwanan wata da lokaci da yanayin iska a bayan takardar. Wannan ɗabi'a na ɗora wa ɗalibaina, ni ma har yau ina yi. Claude Monet na Faransa kuwa gaban majami'ar garin Rouen ya zana fiye da sau talatin tsakanin 1892 da 1894, gini ɗaya, haske daban-daban. Wani yaro ya ce, "Malam, bai gaji ba?" Na ce jeka ka zana katangar can da safe da yamma, ka zo ka ba ni amsa.

Wahalar waje ba ta ƙirguwa. Iska ta kifar da allo, ƙura da ƙwari su manne a ɗanyen fenti, ga 'yan kallo kowa da shawararsa.

Ƙarshen zango muka yi baje koli a zauren taro. Mun rataye zanen daidai tsayin ido, nawa ƙanana a gefe guda. Da aka jera su sai wani abu ya fito fili: wasu zanen sun yi duhu, kamar da magariba aka yi su, alhali da hantsi ne. Na duba sunayen, duk na waɗanda suka ƙi zama a inuwa ne. In rana na dukan allonka, kowane launi haske yake yi maka, sai ka yi ta ƙara masa duhu ba ka sani ba, sai an shiga ɗaki asiri ya tonu. Na bar su a rataye kusa da sauran, masu su suna ta sunkuyar da kai.

Ana shirin tashi wani dattijo da ya daɗe tsaye gaban ƙananan zanena ya tambayi shugaban makaranta ko wane ne mai su. Ashe yana da zauren baje koli nasa. Abin da ya nema a wurina, da dalilin da ya sa na yi jinkirin amsa masa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.