Tantance zanen da'irar lantarki kafin a kai shi masana'anta

A nan Yamai, matasan da ke koyon aikin lantarki sun fi ɗokin haɗa wayoyi su ga fitila ta kama, amma a ganina aiki mafi nauyi shi ne tantance zanen tun yana cikin kwamfuta. Ana rubuta da'irar da harsunan kwamfuta na bayyana da'ira irin su Verilog da VHDL, sannan a rubuta manhajar gwaji wadda ke cusa mata sigina iri-iri tana kwatanta abin da ya fito da abin da ake sa rai. Idan aka riga aka ƙera guntun silikon (wato chip) da ke ɗauke da da'irar, gyara ya wuce. A 1994 kuskuren lissafin rabawa a Pentium, ƙwaƙwalwar kwamfuta ta kamfanin Intel, ya jawo wa kamfanin asarar dala miliyan 475.

Gwaji kaɗai ba ya ƙure kowane hali, shi ya sa ake ƙarawa da hujjar lissafi, inda manhaja ke tabbatar da cewa wata ƙa'ida, misali kada sassa biyu su yi rubutu a layin bayanai ɗaya lokaci guda, ba za ta taɓa karyewa ba.

Game da sake amfani da zane kuwa, kamfanoni kan sayi lasisin tubalan zane da aka kammala, kamar na kamfanin ARM, ko su gina kan RISC-V, tsarin umarnin ƙwaƙwalwar kwamfuta wanda yake a buɗe ga kowa. Sai dai tubalin da ya yi aiki lafiya a wani wuri yakan cije idan saurin agogon da ke daidaita aikin da'irar ko faɗin layin bayanai ya sauya, don haka dole a sake gwada shi a sabon mazauninsa. Verilator da Yosys, manhajojin gwaji da sarrafa zanen da'ira, kyauta ne, kuma kwamfutar tafi-da-gidanka ta ɗalibi tana ɗaukarsu, ko da wuta ta ɗauke da rana.