Mitar da na ɗauka ba ta da mai ita

Sana'ata gyaran rediyo, a wani ɗan shago a Garwa, arewacin Kamaru. A hannun kawuna na koya, mutumin zamanin gajeren zango, wanda ke kamo BBC da asuba, Kaduna da hantsi, kuma yake alfahari da cewa muryar Rediyon Garwa kan tsallaka ƙasashe a kan mita 5010. Shekara da shekaru aikina na kamawa ne: a kawo akwati yana shuu, in mayar da shi yana magana. Ban taɓa tsayawa a ɓangaren watsawa ba sai wani azumi da ya faɗo a tsakiyar bazara.

Inna ce sanadi. Gwiwa ta hana ta fita, ga shi tana son tafsirin da Malam yake yi bayan la'asar a masallacin unguwarmu. Lasifika ba ta wuce gida biyar ko shida, in iska ta juya ma sai dai ka tsinci kalma ɗai-ɗai. Irin Inna suna da yawa: matan da ke ɗora sanwar buɗa-baki a daidai wannan lokaci, da tsofaffi, da marasa lafiya. Sai wani ɗan kasuwa ya shigo shagona da 'yar na'urar watsa murya, girmanta bai fi bulo ba, an rubuta wat 15 a jikinta. Na saya da kuɗina, zuciyata fes.

Da rana tsaka na zauna na murɗa rediyo daga 87.5 har 108, iyakar zangon FM ke nan. Can kusa da ƙarshe na sami wuri shiru, babu ko motsi. Na ce to, wannan fili ba na kowa ba ne, na kafa na'urata a kai.

Ranar farko muryar Malam ba ta wuce layi uku ba. Abin da ya fara zo mini shi ne wat ɗin ne ya yi kaɗan, har na fara cigiyar mai wat 50. Da na koma kan tsofaffin littattafan kawu na ga ba nan matsalar take ba. FM kamar hasken fitila yake tafiya, abin da ya tare ido yana rage shi. Duk wanda ya bi hanyar arewa ya san yadda tasha kan dushe idan duwatsun Tinguelin suka shiga tsakani. Kuma sai ka ninka wat sau huɗu kafin ƙarfin da ke isa kunnen rediyo ya ninka sau biyu, alhali ɗaga eriya sama da rufin gidaje yana buɗe maka gari da kuɗin bututu kawai. Na yanka bututun alminiyom biyu. Lissafin ba wuya: ka raba 300 da lambar mitarka, ka sami tsawon zango. A lamba 100 zai ba ka tsawon mita 3, kowane hannu na eriya ya ɗauki rubu'in haka, wato santimita 75, a ɗan rage kaɗan ya dawo wajen 71. Tawa, da yake mitarta na kusa da 108, ta fi haka gajarta. Na tsayar da ita a tsaye saboda haka mutane ke miƙe eriyar akwatinsu, na ɗaure ta a kan dogon ƙarfe a saman soron maƙwabcin masallaci.

Waya ma ta koya mini nata. Siririyar wayar eriya da ake samu a kasuwa tana shanye kusan rabin ƙarfin a tsawon mita 20. Da na sauya ta da mai kauri, na matso da na'urar kusa da gindin ƙarfen, sai ga saƙo daga ƙetaren gadar Binuwai cewa suna ji garau. Sau ɗaya yaron shagona ya kunna na'urar ba a haɗa eriya ba, ƙarfin ya rasa mafita ya komo ciki ya ƙone taransistan ƙarshe. Zafin Afrilu, da kan haura digiri 40, shi ma sai da ya sa na ɗaura mata fanka.

Daɗin abin ya ɗauke ni. Mata suna aiko da godiya, wata har da kunun gyaɗa. Sai na ƙara lokaci: bayan sallar asuba in saka karatun Alƙur'ani har rana ta ɗaga, in an sha ruwa in maimaita tafsirin. Na kuma murɗa ƙarar murya sama don a ji da ƙarfi.

Ana kwana goma sha wani abu ga wata, wani dattijo ya kawo mini rediyonsa a naɗe cikin ƙyalle. Asalinsa mutumin wajen Yola ne, ya daɗe a Garwa, danginsa duk suna can.

"Ɗana, duba mini akwatin nan. Ya lalace."

"Me yake yi, Baba?"

"Tashar gida nake kamawa da sassafe da kuma dare, saboda sanarwa. Yanzu in na murɗa wurin sai karatu. Karatu alheri ne, amma amininmu ya rasu, an sanar, ban ji ba. Sai bayan sadakar uku labari ya iske ni."

Na karɓi akwatin, na ga inda ya ɗiga jan fenti a kan gilashi don kada ya ɓata wurin. Daidai kan mitata ne. Akwatinsa lafiya lau yake.

A daren nan na kashe na'urata na zauna da rediyonsa har asuba. Ga tashar nan kuwa ta fito, a raunane amma ana fahimta, ta kuma dushe da rana ta yi zafi. Tsakanin Garwa da Yola kimanin kilomita 100 ne a miƙe, nisan da FM ba ya cika kaiwa da rana. Amma idan ƙasa ta huce cikin dare, iska mai sanyi ta kwanta a kwarin Binuwai mai ɗumi na samanta, sai zangon ya lanƙwaso ya bi doron ƙasa ya yi nisa. Ni da rana tsaka na yi bincikena, lokacin da baƙin tashoshi ba sa nan. Kuma ɗabi'ar akwatin FM ce, in murya biyu suka haɗu a wuri ɗaya, ya riƙe mai ƙarfi ya yar da mai rauni gaba ɗaya. Wat 15 a bayan gidanka ya fi ƙarfin dubbai daga wata ƙasa.

Na je wurin wani tsohon injiniyan rediyo da ya yi ritaya, abokin kawuna, da niyyar ya zaɓa mini wata mita. Ya zo da wani akwati da ke kama sama da 108, ya ce in kunna. Muryar karatun ta fito a wurare biyu da ban sa ta ba. Ya dube ni ya ce, daga 108 zuwa 118 na na'urorin da ke shiryar da jirgin sama ne, daga nan zuwa 137 kuma matuƙa ke magana da hasumiya, ga filin jirgin Garwa nan kusa da mu. Irin waɗannan na'urori masu araha ba a sa musu matatar kirki, sai su riƙa zubar da murya gefe-gefe, har da ninki biyu na mitarsu, can cikin zangon talabijin. Ƙarar da na ƙara kuma ta sa na wuce kilohaz 75 da aka yarje wa kowace tashar FM ta karkata daga mitarta, na fantsama kan tashoshin da ke maƙwabtaka da ni. Jikina ya yi sanyi. Jirgi da mutane a ciki ban taɓa kawo shi cikin lissafina ba.

Na sami Malam bayan azahar na zayyana masa komai.

"Allah gafarta Malam, in muka kashe, mata za su rasa sauran tafsirin."

Ya yi shiru, sannan ya tambaya ko akwai takardar hukuma. Na ce babu.

"To kashe shi yau. Ka je ka nemi gafarar dattijon nan, ka kuma gano mana hanyar da ake bi."

Bin hanyar ya ci mini watanni ina tambaya da karatu. A Kamaru dokar 19 ga Disamba 1990 ce ta buɗe ƙofar 'yancin sadarwa, amma sai 3 ga Afrilu 2000 aka fitar da ƙa'idar kafa gidajen rediyo da talabijin masu zaman kansu. A ƙarƙashinta ministan sadarwa ke ba da lasisi, bayan jin ra'ayin Majalisar Sadarwa ta Ƙasa, wadda aka fi sani da CNC. Na rediyo shekara 5 ne, ana sabuntawa. Kuɗin da ƙa'idar ta yanka wa rediyon yanki sefa miliyan 10 ne in na kasuwanci ne, miliyan 5 in ba na neman riba ba. Ba a ba da lasisin farko ba sai 2007, guda huɗu kacal, rediyo ɗaya ce a cikinsu, ta Duwala. Tashoshi da dama sun yi shekaru suna aiki da izinin wucin gadi, abin da ake kira tolérance administrative da Faransanci, wato hukuma ta san da kai ta kawar da kai, kuma ranar da ta ga dama tana iya rufewa. A 2015 aka sake sabuwar doka kan harkar. Ita mita kuwa ba mai tasha ke zaɓa ba. Ana ba shi ne tare da iyakar wat da wurin kafa eriya, bisa tsarin rabon zangon FM da ƙasashe suka amince da shi a Janeba a 1984. Wanda ya taɓa tsayawa a Kusiri ya murɗa rediyo ya ji tashoshin Njamena kamar a ɗakinsa zai gane dalili: kogi ne kawai a tsakani, Cadi na da tata hukumar, amma iskar ɗaya ce.

Ra'ayina a nan ba na ɓoye shi. Miliyan 5 ya yi wa unguwa ko ƙauye nauyi ƙwarai, kuma ina ganin ya dace a ware wani mataki mai sauƙi don 'yan ƙananan tashoshi masu wat 10 ko 20, a duba na'urarsu, a ba su mita, a ɗaure su da sharuɗɗa. Mutanenmu na bukatar jin farashin kasuwar Pitowa, da ranar awon auduga, da gargaɗin sakin ruwan madatsar Lagdo, cikin Hausa da Fulatanci. Amma bayan abin da na gani a akwatin injiniyan nan, ba zan ƙara ce wa kowa ya kunna kafin a auna masa ba, ko da karatun Alƙur'ani zai saka.

Azumin da ya biyo baya, masallaci ya yi karo-karo muka sayi rabin sa'a a wata tasha mai izini. Ni nake naɗar tafsirin in kai musu. Na'urar tana cikin kwali a ƙarƙashin teburina, na cire mata taransista. Aikina ya koma inda na fi sani: masu sauraro da waya ina nuna musu cewa igiyar abin kunne ita ce eriyarsu, su warware ta kada su dunƙule, masu akwati a gidan kwano kuma su matsa bakin taga.

Dattijon nan ya yafe mini tun a zaman farko. Eriyar alminiyom ɗin da na yanka, wadda tsawonta ya yi daidai da mitarsa, na sauko da ita daga soron na kai gidansa, na kafa ta a kan katanga ta ɓangaren yamma, na ja waya zuwa akwatinsa. Washegari da sassafe ya aiko jikansa shagona ya ce in zo in ji, tashar gida ta fito har da gaisuwar mutanen Jimeta.