Makron da ke ba da amsar ƙarya ba tare da ya yi ƙara ba

Ɗan kamfaninmu a Zariya yake, mu uku ne, kuma aikinmu gyara wa makarantun kuɗi da 'yan kasuwa takardun lissafinsu na Excel. Abin da aka fi kawo mana shi ne makro, wato jerin umarnin da ake rubutawa da harshen VBA, wanda ya shigo Excel a 1993, domin kwamfuta ta ɗauke wa mutum aikin maimaici.

Makron da ya tsaya cak ya fito da saƙon kuskure mai sauƙi ne, domin ya faɗi ciwonsa da kansa. Wanda ke tayar mini da hankali shi ne mai gama aiki lami lafiya alhali amsarsa ƙarya ce. Galibi a wurin sharaɗi ɓarnar take, a If da ElseIf da Else: in kaza ne a yi kaza, in ba haka ba a yi kaza.

Wata makaranta da ke bin tsarin makin WAEC ta taɓa kiranmu a ƙarshen zango. Wanda ya rubuta musu makron ya ce 75 zuwa 100 A1 ne, 70 zuwa 74 B2, haka har ƙasa, abin da ya rage kuma F9. Wata yarinya ta tashi da 74.5 bayan an haɗa makin gwaji da na jarrabawa. Ba ta shiga gidan A1 ba, ba ta shiga na B2 ba, sai ta gangara cikin Else, aka buga mata F9 a takardar sakamako. Yarinya mai ƙoƙari ta kai wa iyayenta wannan, kuma ba laifinta ba ne ko kaɗan. Gyaran shi ne a jero sharuɗɗan daga sama, >= 75 (wato 75 ko fiye), sannan >= 70, har ƙasa. Jerin yana da muhimmanci, domin VBA sharaɗin farko da ya cika yake ɗauka: a fara da >= 40, duk wanda ya ci sai ya zama E8.

Akwai wasu tarkunan. Gurbin da aka bari fayau, VBA sifili yake ganinsa, don haka ɗalibin da bai zauna jarrabawa ba sai ya zama ya faɗi, sai dai in an sa IsEmpty, umarnin da ke gane gurbin da babu komai a ciki. Haka "Kano" da "kano" ba ɗaya ba ne a wurinsa.

Kafin mu taɓa komai muna kwafe fayil ɗin, saboda Ctrl+Z ba ya dawo da abin da makro ya canza. Daga nan sai mu danna Alt+F11 mu buɗe makron, mu bi shi layi-layi da maɓallin F8, muna gwada makin bakin iyaka: 39, 40, 74.5, 75, da gurbin da babu komai. Batun ko za a ɗaga 74.5 ta zama 75 kuwa, hukuncin shugaban makaranta ne, kuma a rubuce muke karɓarsa kafin mu sa shi cikin makron.